Waiwaye: yadda ƙ da ɗ da ɓ suka sha wuya kafin su samu wurin zama a intanet

Makon jiya ɗan yayata da ke koyon haɗa shafukan intanet nan unguwar Nima a Accra ya miƙo min wayarsa wai in duba sanarwar walimar sauka da ya ɗora wa makarantar allon unguwarmu. Aikin ya yi kyau ba laifi, sai dai ya je ya zaɓo wani samfurin haruffa mai lanƙwashe-lanƙwashe, abin da suke kira fon, to duk inda aka zo kan ƙ ko ɗ sai harafin ya fito daban, siriri, ya ɗan karkace, kamar baƙon da aka cusa cikin sahu. Na nuna masa, sai cewa ya yi, "Kawu ai abu mai sauƙi ne, mu cire ƙugiyar kawai." Na ce to ɗana cire, amma ka sani manyan baƙi da ka rubuta sun koma manyan baki, kai za ka je ka yi wa limamai bayani.

Gaskiya ban ga laifinsa ba, don mu nan zango ko a baki ba kowa ke bambanta k da ƙ ba, balle a rubutu. Kuma wannan matsala ta girme shi nesa ba kusa ba.

Kafin boko ai da ajami kakanninmu ke rubutu, irin su Alhaji Umaru na Kete Krachi wanda ya rasu a 1934, alƙalami da tawada ne, hannunka ne fon ɗinka, ba wanda zai ce maka babu wannan harafi. Da boko ya kankama a shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, amma na'urorin Turawa ba su san da zamansu ba. Masu tafireta sai su buga k sannan su ɗauki biro su ƙara ƙugiya da hannu. Da kwamfuta ta zo abin sai ya ƙara tsuke, tsarin ASCII da Amurka ta fitar a 1963 gurbi 128 kacal gare shi, haruffan Ingilishi da lambobi da 'yan alamomi, shi ke nan an rufe ƙofa. Irin wannan rashi ne ya sa aka saba rubuta k' da d' da b' da har yau wasu dattawa ke yi. Maƙwabtanmu masu Twi ma haka suka sha, kowa a Gana ya san yadda ake buga 3 a madadin ɛ, a buga rabin baka a madadin ɔ, har ya zama kamar shi ne daidai.

Shi kansa shafin intanet da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai, ya fito fili a 1991, ba shi da wani ado ko na sisi. HTML, wato yaren da ake rubuta shafi da shi, cewa kawai take wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, sauran ya rage wa burauza, manhajar buɗe shafuka, ta nuna yadda ta ga dama, yawanci baƙin rubutu irin na Times da mahaɗa shuɗiya mai ja-layi. Mutane kuwa ba sa zama ba kwalliya, sai burauzar Netscape ta shigo da alamar font da ake canja girma da launi da ita, ta ƙara da blink mai sa rubutu ƙyaftawa, Internet Explorer ta ce ba za a bar ta a baya ba ta kawo marquee mai sa rubutu gudu kamar tallan talabijin. Duk wanda ya zauna a kafen intanet a Accra farkon shekarun 2000, lokacin da BusyInternet ta buɗe a Ring Road a 2001, ya ga irin waɗannan shafuka, jan rubutu a kan baƙin bango, ka karanta layi uku ido ya fara ruwa alhali awa ɗaya ka biya. Gana ma fa tun 1995 ta haɗu da intanet ta hannun kamfanin Nii Quaynor, muna cikin na farko-farko a Afirka.

Gyaran ya faro ne daga Håkon Wium Lie, ɗan ƙasar Norway, wanda a 1994 ya kawo shawarar a raba magana da adonta, rubutu na gefe ɗaya, umarnin launi da girma da tazara na wani fayil daban. Wannan shi ne CSS, aka amince da kashin farko a Disambar 1996. Amma akwai wani tarko, shafi ba ya iya nuna fon sai wanda yake cikin kwamfutar mai karatu, shi ya sa a 1996 ɗin Microsoft ta raba wasu kyauta, su Arial da Verdana da Georgia da Comic Sans, duniya ta yi shekaru fiye da goma tana juya waɗannan 'yan ƙalilan. Verdana da Georgia Matthew Carter ne ya zana su musamman don su karantu a sikirin mai dishi-dishi, kuma ya iya aiki wallahi, illa dai a lokacin babu ƙugiyarmu a ciki.

Abin haushin shi ne lamba kam muna da ita. Unicode ya fito tun 1991, ya ba kowane harafi lambarsa har da namu, UTF-8 kuma, wato hanyar adana waɗannan lambobi a fayil, ya biyo baya a 1992. To amma lamba daban, zane daban. In fon ba shi da zanen ƙ, burauza sai ta je ta aro daga wani fon, abin da ya faru da ɗan yayata ke nan, in kuma ta rasa gaba ɗaya sai ta ajiye maka ɗan akwati fanko. Turawa na kiran akwatin tofu, daga nan ma Google ta samo sunan fon ɗinta Noto, wato ba sauran tofu. Ko alamar sidi ₵, kuɗin Gana, sai a 2005 ta shiga Unicode, shi ya sa har bayan canjin kuɗi na 2007 za ka ga rasit da alamar santin Amurka.

Wajen 2010 ne abu ya sauya da gaske, burauzoji suka yarda shafi ya taho da fon ɗinsa, Google ta buɗe rumbun fon na kyauta a shekarar. Ga kuma na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL irin su Charis da Andika da Gentium da tun asali aka yi su da harsuna irin namu a zuci, har ajami sun yi wa Harmattan da Alkalami, na biyun salon rubutun Kano ne, ranar da na fara ganinsa a sikirin sai da na tuna allona.

Yanzu kam sauran ƙa'idojin ba su da wani yawa kuma waya ce ta tilasta su, tunda kusan kowa a Nima da Mamobi a waya yake karatu ba a kwamfuta ba. Girman rubutu kar ya gaza fiksil 16 da burauza ke bayarwa tun asali, tazarar layi wajen ɗaya da rabi, fon biyu sun isa ɗaya na kanu ɗaya na jiki, launin rubutu kuma ya rabu da na bango sosai don wani a cikin motar haya ta tirotiro zai karanta rana na dukan gilashi. Ni dai abin da na fi tsana shi ne a rubuta sakin layi guda da manyan baƙaƙe, kamar ana yi maka tsawa.

Da yamma muka zauna da yaron a ƙofar gida, na ce kafin ya zaɓi kowane fon ya fara buga masa ƙasa, ɗaki, ɓera, da manyansu Ƙ Ɗ Ɓ, don wani fon yana da ƙananan amma ba manyan, sannan ya gwada mai kauri da mai karkace. Ya gwada guda biyar, biyu suka faɗi tun a kalmar farko har da wanda ya fi so ɗin, ya yi ta ƙunƙuni, a ƙarshe ya bar lanƙwashe-lanƙwashen a kan sunan makaranta kawai tunda babu ƙugiya a ciki, sauran ya mayar Noto Sans, ya sa a saman shafi cewa UTF-8 ne kuma harshen Hausa ne. Walimar ranar Lahadi ce bayan la'asar.