Gizo-gizon wasan Limbo

Gizo-gizon Limbo ƙatuwar halitta ce da ke farautar yaron da mai wasa yake sarrafawa a wasan bidiyon Limbo, wanda kamfanin Playdead na birnin Kofanhegan a ƙasar Danmak ya fitar a watan Yulin 2010. A na'urar Xbox 360 wasan ya fara fitowa, sannan ya isa PlayStation 3 da kwamfuta a 2011. Wasan bai raɗa wa gizo-gizon suna ba, kamar yadda bai raɗa wa yaron ba, domin daga farkonsa har ƙarshensa babu wanda ya buɗe baki ya yi magana.

Asali da siffa

Arnt Jensen, wanda ya tsara wasan kuma ya jagoranci aikinsa, mutum ne mai tsoron gizo-gizo, kuma daga wannan tsoron nasa halittar ta samo asali. Komai a Limbo baƙi ne da fari da toka-toka, saboda haka inuwar gizo-gizon kawai ake gani: dunƙulallen jiki mai gashi, da ƙafafu zara-zara masu tsini, kowace ta ninka tsawon yaron. Ba a ganin idonsa. Da ƙafa yake kisa, ya ɗaga ta sama, ya ɗan dakata, ya soke yaron.

Yadda ake karawa da shi

Yaron ba shi da makami ko ɗaya. Abin da ya iya bai wuce tafiya da tsalle da hawa da turawa ko jan abu ba. Don haka ba da ƙarfi ake cin gizo-gizon ba, sai da dabara, kuma kowace haɗuwa da shi wani ƙulli ne da sai an warware shi kafin hanya ta buɗe.

A haɗuwar farko, a cikin daji, ƙafafunsa sun saje da rassan bishiya, har sai ɗaya ta motsa mai wasa ya ankara. Can baya akwai tarkon ƙarfe maƙale a kan reshe, inda hannu ba ya kaiwa. Sai yaron ya matso ya tsokani gizo-gizon, ya ja da baya kafin ƙafar ta sauka. Girgizar da ƙasa ke yi ita ce ke faɗo da tarkon. Daga nan sai a jawo tarkon a ajiye shi daidai inda ƙafar za ta dira. Sau uku ana haka, ƙafa uku ta gutsure, sannan ya janye. Wanda ya yi gaggawa ya matso fiye da kima, shi ƙafar za ta samu.

Ba da jimawa ba gizo-gizon ya rama. Yaron ya taka wani wuri mai danƙo ya kafe, gizo-gizon ya sauko a hankali ya naɗe shi da yana, ya rataye shi. Sai mai wasa ya yi ta lilo da yaron hagu da dama har zaren ya tsinke. Ko da ya faɗo, hannayensa na ɗaure, ba ya iya kama komai, sai tsalle ɗai-ɗai a kan ramuka. Wannan na cikin wuraren da wasan ya fi nuna gwaninta, domin ɗan abin da yaron ya iya ma an rage masa, ga kuma sanin cewa mai yanar bai yi nisa ba.

Bayan haka sai bi da gudu. A nan ne ake ganin ba yaron kaɗai yake farauta ba, har da wasu yara mazauna dajin, waɗanda su ma ba sa ƙaunar baƙon. Wani ƙaton dutse da ya mirgino ne ya yi wa gizo-gizon illa mafi girma.

Ƙarshensa

Haɗuwar ƙarshe ita ce aka fi tunawa. Yaron ya tarar da shi kwance, ƙafa ɗaya tak ta rage masa, amma da ita yake ƙoƙarin kai sara. Gaba kuma rami ne cike da tsinaye, wanda tsalle ba ya ƙetare shi. Wasan bai bar wata mafita ba: dole a kama wannan ƙafar a yi ta ja har ta tsinke, sannan a mirgina gangar jikin cikin ramin, a taka ta a haye. Babu kiɗan nasara, sai ƙarar tsinkewar ƙafar, cikin aikin sauti na Martin Stig Andersen. Abin da ya fara da ba mai wasa tsoro, a nan tausayi yake ba shi, kuma da hannunsa aka sa shi ya ƙarasa aikin.

Matsayinsa a wasan

Playdead sun gina Limbo a kan gwaji da mutuwa: yaron ya mutu, ya dawo kusa da inda ya faɗi, mai wasa ya gyara kuskurensa. Gizo-gizon na cikin waɗanda suka fara koya wa mai wasa wannan tsari. Bayan mutuwar gizo-gizon daji yana ƙarewa a hankali, a shiga rusasshen gari da masana'antu, inda haɗarin ya koma na zarto da wutar lantarki da ambaliyar ruwa da bindigogi masu harbi da kansu, kuma babu wata halitta mai girmansa da ta sake bin sawun yaron.