Lafiyar uwa da muradi na biyar

A watan Satumba na 2015 ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradai 17 na ci gaba mai ɗorewa, da niyyar cimma su nan da 2030. Na uku kan lafiya yake, na biyar kuma kan daidaito tsakanin mata da maza. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin haihuwa ya san ba a samun na ukun in an bar na biyar a baya.

Alkawarin da aka ɗauka shi ne a rage mutuwar mata a dalilin ciki da haihuwa zuwa ƙasa da 70 cikin kowace haihuwa 100,000. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai mata kusan 260,000 suka rasu ta wannan hanya, wajen kashi 70 cikin ɗari a Afirka kudu da Sahara. Abin da ke kashe su sananne ne: zubar jini bayan haihuwa, hawan jini da jijjiga, shigar ƙwayoyin cuta, doguwar naƙuda. Kusan duka ana iya magance su. Abin da ke ci mini rai ke nan.

A wurin koyon aiki ana nuna mana jinkiri uku da ke jawo asarar rai: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyu na ƙarshe maganar hanya ce da mota da ma'aikata da jini, nauyin gwamnatoci. Na farkon kuwa a cikin gida yake faruwa. Mace tana zubar da jini, ta san jikinta ba daidai ba, amma ba ta da ta cewa, ba ta da ko sisi a hannunta, wanda zai ba da izini kuma ba ya nan. Zubar jini mai tsanani na iya ɗauke mace cikin sa'o'i biyu. Shi ya sa muradi na biyar ya ambaci 'yancin mace kan lafiyar haihuwarta, da haƙƙinta na mallakar dukiya da filin noma, abubuwan da aka riga aka tattauna a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da ci gaba a Alƙahira a 1994 da taronta kan mata a Beijing a 1995.

Haka ya nemi a kawar da auren ƙananan yara da kaciyar mata. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, in naƙuda ta tsaya mata, sau da yawa a rasa jariri, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Kaciya kuwa, UNICEF ta ce mata da 'yan mata sama da miliyan 230 da ke raye an yi musu ita, alhali ba ta da amfanin komai ga lafiya.

Na san akwai masu jin tsoron cewa ana son raba mata da mazajensu ne. Ni dai abin da nake gani a aiki, gidan da ake shawara da matar shi ne ke zuwa awo a kan kari, yaransa ke kammala rigakafi.

Maigida, tun cikin yana ƙarami ku zauna ku tsara: ina za a haihu, wa zai kai ta, nawa aka ajiye, wa zai ba da jini. Ka ba ta izini tun yanzu cewa in ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko ɗa ya daina motsi, ta tafi asibiti nan take ko kana nan ko ba ka nan. Ke kuma 'yar'uwa, ki fara awo cikin wata uku na farko, kuma ki tambayi ma'aikaciya duk abin da ba ki gane ba.