Waiwaye: Hayar Baka da Tashin Gaggawa a Birnin Katsina

A daminar bara, a wani lungu da ke bayan Ƙofar Marusa, na ga kayan wani magidanci a waje: katifa biyu an jingine su da bango, tukwane a cikin baho, akwatin littattafan yara an lulluɓe shi da leda saboda hadari ya haɗo. Shekara shida ya yi a ciki da falon nan, yana kai wa dillali kuɗin haya duk shekara hannu da hannu, kuma ko rasit ba a taɓa yankar masa ba. Da mai gidan ya rasu, magada suka sayar, sabon mai gida ya ba shi mako biyu, da wa'adin ya cika aka zo da kafinta aka cire ƙofa. Da maƙwabta suka ce ya kai ƙara, sai ya ce: "Da me zan je? Ba ni da takarda." Maganar nan ba ta da tushe a dokar ƙasa, ba ta da shi a fiƙihu, amma akwai tarihin da ya dasa ta a zukatan mutane.

A tsohon birni na cikin ganuwa gida abin gado ne, ba haja ba. Baƙon da ya zo fatauci fatomansa ke saukar da shi, almajirin da ya zo neman ilimi a ba shi shago a bakin zaure, wanda ya rasa muhalli kuma a ba shi aron ɗaki har Allah ya hore masa. Shaidar irin wannan zama ita ce unguwa baki ɗaya, tun daga liman har mai unguwa, kuma neman takarda daga wanda ya yi maka alheri rashin kunya ne. Ko da kuɗi suka shigo cikin lamarin, harshen bai sauya ba. Har gobe za ka ji mai gida yana cewa, "Haba, wace takarda, ai mun zama ɗaya," ɗan haya kuma ya sunkuyar da kai.

Garin ne ya sauya. A watan Satumba na 1987 aka cire Jihar Katsina daga Kaduna, ma'aikata suka dawo da iyalansu suna neman wurin zama, unguwanni suka bazu nesa da ganuwa. Jami'ar jiha da aka kafa a 2006 da sauran manyan makarantu suka ƙaro ɗalibai da malamai. Daga baya hare-haren 'yan bindiga suka koro jama'a daga yankunan Batsari, Jibiya da Safana, waɗanda sukan kama duk ɗakin da suka samu ba tare da ikon gindaya sharaɗi ba. Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023 kuwa ta sa wasu masu gidaje suna ganin tsohon ɗan haya a matsayin asara, tunda sabo zai biya fiye da shi. Yau mai gida da ɗan haya sau da yawa ba su ma san juna ba, dillali ne a tsakani. Unguwar da take zama shaida a da ta watse, takardar da ya kamata ta maye gurbinta kuma ba ta samu shiga ba.

Dokar karɓe gida daga ɗan haya ta samo asali ne daga wadda Turawan mulkin mallaka suka yi a 1945, kuma tsarinta ne ya wanzu a dokar Abuja da na jihohi da dama. Ba ta sharɗanta rubutu kafin hayar wata ko ta shekara ta inganta ba. Hasali ma, wa'adin da ta tsara an yi shi ne domin inda ɓangarorin biyu ba su yanke nasu ba: mai biya mako-mako a ba shi notis na mako guda, mai biya wata-wata na wata guda, mai biya duk wata uku na wata uku, mai biya shekara-shekara kuwa na wata shida, kuma daga yadda ake biyan kuɗin ake gane irin hayar. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi takardar kwana bakwai ta niyyar zuwa kotu. Alƙali ne kaɗai zai ba da umarnin fitarwa, ma'aikatan kotu ne kuma za su zartar. Cire ƙofa, yaye kwano, yanke wuta da turo matasa su watsar da kaya duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma ɗan haya yana iya neman diyya a kansu. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin soja ta Jihar Legas saboda fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin bindiga alhali magana tana gaban kotu. Abin da aka hana gwamnan soja, ban ga yadda zai halatta ga mai gida ba. Masu kai ɗan haya caji ofis su ma su sani cewa dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai.

Mafi yawan Katsinawa sun fi sabawa da kotun shari'ar Musulunci, musamman tun 2000, kuma a nan ma hayar baka tana da ƙarfinta, domin ƙulla ciniki a mazhabar Malikiyya da furuci da amincewa ne. Malamai sun raba haya gida biyu. Akwai wajiba, wadda aka yanke wa lokaci sananne, kamar shekara kaza a kan kuɗi kaza, kuma babu mai warware ta shi kaɗai kafin ta ƙare. Akwai mushahara, ta kowane wata kaza ba tare da iyaka ba, wadda kowanne yana iya fita daga cikinta, sai dai idan an biya kuɗi gaba, to ta lizimta gwargwadon abin da aka biya. Mutuwar mai gida ba ta rushe haya, sayar da gidan ma haka. Magidancin nan saura wata huɗu kuɗinsa su ƙare, wato magada sun sayar da gida ne alhali amfanin wata huɗun yana hannun wani.

Ba na mance cewa akwai gwauruwar da hayar ɗaki biyu ce abincin marayunta, ga ɗan haya ya shekara bai biya ba, ga shari'a tana jan ƙafa. Doka ba ta ba kowa zaman dindindin a gidan wani ba, kuma wanda ake bi bashi ko wanda ƙayyadadden wa'adinsa ya cika ba zai samu sararin da mai biya a kan kari yake samu ba. Amma shi ma ta kotu za a fitar da shi.

Abin da ɗan hayar baka ya fi rasa shi ne hujja, tunda mai da'awa shi ke kawo shaida. Ayar bashi a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, umarni ce da rubutu da kafa shaidu, don haka kunyar neman rasit ba ta da mafaka a addini. Inda ba a rubuta ba, alat na banki, saƙon waya da tsohon rasit duk suna iya shiga gaban alƙali, domin dokar shaida ta 2011 ta karɓi hujjar na'ura, maƙwabta da dillali kuma suna iya tsayawa shaida. Shi magidancin, sai bayan ya kwashe iyalinsa zuwa gidan ɗan'uwansa aka gano cewa dillalin yana da wani tsohon littafi da yake rubuta duk kuɗin da ya karɓa, da kwanan wata, shekara shida cur. Da littafin nan mai unguwa ya sa aka mayar masa da kuɗin wata huɗun.