Inshorar lafiyar babban kare a Kano: abin da za ka tambaya kafin ka sa hannu

Wanda ya saba bi ta Nassarawa GRA ko Bompai da dare ya san haushin da ke fitowa daga bayan get ba na ƙananan karnukan unguwa ba ne. German Shepherd ne, ko Rottweiler, ko Boerboel, wani gidan ma Caucasian mai gashi buzu-buzu. Haka abin yake a masana'antun Sharada da Challawa. Mai irin wannan kare ya san kuɗin saye, ya san na abinci, amma kuɗin jinya ba ya sallama kafin ya shigo. Ga tambayoyin da suka fi tasowa idan aka zo maganar yi masa inshora.

Wai har kare ma ana yi masa inshora?

Ana yi, kuma an daɗe. A Suwidin aka fara yi wa kare inshora a 1924, Birtaniya ta biyo baya a 1947, Amurka kuma sai 1982. A Nijeriya kasuwar ƙarama ce, yawancin masu tallarta suna Legas da Abuja. Abu na farko da za ka tantance shi ne me ake sayar maka. Akwai takardar da ke biyan kuɗin karen idan ya mutu ko aka sace shi, akwai kuma wadda ke biyan kuɗin asibiti yana raye. Duka biyun ejan zai kira su inshorar kare, alhali ba aikinsu ɗaya ba. Idan jinya ce damuwarka, takardar mutuwa ba za ta biya maka ko allura ɗaya ba.

Me ya sa ake ware manyan karnuka? Ai kare kare ne.

A asibiti ba haka ba ne. Magani da allurar barci da ƙarin ruwa duk da nauyin jiki ake auna su. Karen gida mai kilo 15 da Boerboel mai kilo 60 ciwo ɗaya zai kama su, amma na biyun zai sha magani kusan ninki huɗu.

Sannan akwai cututtukan da girman jiki ke jawowa. Na farko matsalar kwatangwalo: kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa, sai gaɓar ta riƙa gogewa. Gado ne, ya yi yawa a German Shepherd da Rottweiler da Labrador, kuma ƙiba da saurin girma suna ƙara tsananta shi. Za ka ga kare yana shan wahalar miƙewa, ko yana haɗa ƙafafun baya biyu yana tsalle idan zai yi gudu. Irin wannan yana samun gwiwar ƙafar gaba ma. Na biyu tsinkewar jijiyar da ke riƙe gwiwar ƙafar baya, wadda a babban kare yawanci sai an yi tiyata. Na uku sankarar ƙashi, da ta fi kama irin su Rottweiler da Great Dane.

Na huɗu shi ne wanda ya kamata duk maigadin da ke kula da kare ya haddace alamominsa: murɗewar ciki. Tumbi ya cika da iska, ya juya, ya toshe hanyar shiga da fita, jini ya daina gudana yadda ya kamata. Karnuka masu zurfin ƙirji ya fi samu. Cikin ya kumbura ya yi tauri, kare yana ta yunƙurin amai ba abin da ke fita, miyau na zuba, ya kasa zama wuri ɗaya. Cikin 'yan awoyi yake kisa idan ba a yi tiyata ba. Ba ciwon da za a ce a bari gari ya waye ba ne.

Saboda haka a ganina, takardar da ta cire kwatangwalo da gwiwa da murɗewar ciki daga abin da take biya ba ta babban kare ba ce, ko da an buga hoton Rottweiler a bangonta.

Nawa karen na gadi ne, ba na ado ba. Za su karɓe shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar Kano, kuma ita aka fi mantawa. Inshorar dabbobin gida a ƙasashen da ta samo asali an tsara ta ne don karen da ke zaune cikin iyali. Da yawa daga cikin takardun suna cire karen aiki: na gadin kasuwanci, na kamfanin tsaro, na farauta, da wanda ake ajiyewa don haihuwa a sayar da 'ya'yan. Idan karenka a sito yake kwana ko a harabar masana'anta, faɗa musu tun farko, kuma ka sa a rubuta a takardar cewa an karɓe shi a matsayin karen gadi. Wanda ya ɓoye wannan don kuɗin ya yi sauƙi, ranar neman diyya kamfani zai ce ba a gaya masa gaskiya ba, ya ƙi biya, kuma yana da hujja.

Ka duba jerin nau'ikan da ba sa karɓa ma. Wasu kamfanoni suna ƙin wasu nau'ika gaba ɗaya, wasu kuma su ƙara musu kuɗi.

Inshorar nau'i nawa ce, kuma wanne ya dace?

A Birtaniya, inda harkar ta bunƙasa, kashi huɗu ake yi mata, kuma da su za ka iya auna duk takardar da aka miƙo maka a nan. Akwai ta haɗari kaɗai, kamar mota ta buge shi ko ya karye, babu ruwanta da cuta. Akwai mai wa'adi, wadda ke biyan kowane ciwo na wata 12 daga ranar da ya fara, daga nan ta cire shi har abada. Akwai mai iyakar kuɗi ga kowane ciwo, idan kuɗin ya ƙare shi ke nan. Sai ta tsawon rai, wadda iyakarta ke sabuntuwa duk shekara muddin kana sabunta takardar ba tare da yankewa ba.

Ciwon gaɓoɓi ba ya warkewa a wata 12. Karen da ya fara ɗingishi yana shekara uku zai iya shan maganin raɗaɗi har ƙarshen rayuwarsa. Don haka mai wa'adi ba ta yi wa babban kare komai sai a shekarar farko ta ciwon. Ta tsawon rai ta fi tsada, amma ita ce ta dace da irin cututtukansa. Idan takardar shekara-shekara kawai ka samu, tambayi abu ɗaya a rubuce: ciwon da aka biya bana, za a ci gaba da biyansa baɗi, ko zai koma cikin waɗanda aka cire?

Karena ya fara ɗingishi. In yi sauri in yi masa yanzu?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kusan babu kamfanin da ke biyan ciwon da ya riga takarda zuwa, kuma alama kawai ta isa, ko da likita bai sa wa ciwon suna ba tukuna. Bayan haka akwai lokacin jira: kwana 14 shi ne aka fi sani ga cututtuka, wasu kamfanonin kuma suna sa wata shida ga gwiwa da kwatangwalo. Abin da ya bayyana cikin wannan lokaci ana ɗaukarsa tsohon ciwo ne.

Akwai wani sharaɗin da ke ɓuya a ƙananan rubutu. Idan gwiwar hagu ta taɓa samun matsala kafin inshora, sai a ce ta dama ma ba za a biya ba, wai ciwo ɗaya ne mai ɓangare biyu. Ga babban kare wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda jijiyar gwiwa ɗaya ta tsinke masa sau da yawa ɗayar na biyo baya.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne yana kwikwiyo, da zarar ya kai shekarun da kamfanin ke karɓa, bayan likita ya duba shi ya rubuta cewa lafiyarsa ƙalau. Ka riƙe kwafin wannan rahoto. Kada kuma ka manta babban kare da wuri yake tsufa: Great Dane bai cika wuce shekara 7 zuwa 10 ba, kuma yawancin manyan nau'ika daga shekara 6 ko 7 ana lissafa su tsofaffi. Kamfanoni kan sa iyakar shekarun shiga, kuɗin kuma yana hawa yayin da karen ke manyanta.

An ce mini za a biya kashi 80 cikin 100. Ba shi ke nan ba?

Da saura. Mu ƙaddara tiyata ta ci N600,000, takardarka kuma ta ce N50,000 na farko kai za ka ɗauka. Saura N550,000. Kashi 80 na wannan shi ne N440,000, kai ka biya N160,000. To idan a wani shafin an rubuta cewa iyakar kowane ciwo N300,000 ce, abin da za a ba ka ke nan, rabin kuɗin ya dawo kanka. Lambobin misali ne kawai, amma haka lissafin yake tafiya. Abu uku za ka haɗa ka duba tare: kason farko da ke kanka, kashin da suke biya, da iyakar. Ka tambaya ko kason farkon sau ɗaya ne a shekara ko kuwa ga kowane ciwo.

Wani abin lura a Nijeriya shi ne farashi. Magungunan karnuka da dama daga waje ake shigo da su, iyakar da ta yi kyau bana tana iya zama ba komai ba nan da shekara biyu idan ba a ɗaga ta ba.

Kaska da zafin bazara fa? Su ne suka fi damunmu a nan.

Gaskiya ne. Takardar da aka kwafo daga ƙasar sanyi ba lallai ta yi tunanin Kano a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma Caucasian da aka halitta don duwatsu masu ƙanƙara yana cikin haɗari idan aka kulle shi a kejin kwano da rana. Zafin jikin kare na yau da kullum tsakanin digiri 38 ne da 39. Idan ya haura 41 rai ake nema a ceta. Tambayi ko bugun zafi yana cikin abin da ake biya, domin wani kamfanin zai iya cewa sakacin mai shi ne.

Kaska kuwa tana ɗauke da cututtukan jini masu sa zazzaɓi, dadashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu. Sai fabo, cutar amai da gudawar jini da ke kashe kwikwiyo, wadda Rottweiler ba ya jure ta sosai. Ƙa'idar da aka saba ita ce duk cutar da ke da rigakafi ba za a biya ba sai katin rigakafin ya cika. Kuɗin rigakafin kansa, da maganin tsutsa da na kaska, yawanci daga aljihunka ne. Ka tabbata likita mai rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa ne ya yi allurar ya sa hannu da hatimi. Allurar da wani yaron shago ya zo gida ya yi, babu kati babu rasit, kamar ba a yi ba ce a wurin kamfani.

Wane asibiti zan kai shi?

Wasu takardun suna barinka ka je wurin duk likita mai rajista, wasu kuma sai asibitocin da ke jerinsu. Nemi jerin ka ga ko akwai na Kano. Inshorar da asibitocinta duk suna Legas ba ta da amfani ga karen da cikinsa ya murɗe da ƙarfe biyun dare a Hotoro. Ka tambaya kuma ko za su biya idan likitanka ya tura ka asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya don aikin ƙashi ko hoto.

Galibi kai za ka fara biya, sannan ka kai rasit da rahoton likita a mayar maka. Ke nan ko da inshora sai kana da kuɗi a hannu ranar gaggawa. Tambayi kwana nawa ake ba ka ka shigar da buƙata, da kwana nawa suke ɗauka kafin su biya.

Idan ya ciji wani?

Wannan wani ɓangare ne daban, na alhakin cutar da wani, kuma ba kowace takardar lafiya ke ɗauke da shi ba. Ga mai kare mai kilo 50 a unguwar da yara ke wasa a layi, almajirai na sallama a ƙofa, ya cancanci a biya masa ƙari. Ka karanta ko ya haɗa da masu aikin gida da maigadi, don sau da yawa ana cire mutanen gidan. Allurar rigakafin haukan kare kuwa duk shekara ake yi wa karen, da inshora ko babu. Wanda aka ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kai shi asibiti nan take.

A addinance fa?

Hadisi ya yi izinin ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona, malamai da dama kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kai idan akwai buƙata. Ita inshorar ce ake magana a kanta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci tana da garari, wato rashin tabbas, mai ɓata ciniki, ta kuma halatta ta taimakekeniya, wato takaful. A Nijeriya hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, akwai kuma kamfanonin da ke aiki da su. Wanda abin ya dame shi ya fara tambayar su ko suna karɓar kare, ya kuma tuntuɓi malaminsa.

Na duba, ban samu takardar da ta cika waɗannan sharuɗɗa ba. Sai yaya?

Kada ka sayi maras amfani don dai a ce kana da ita. Buɗe asusu daban da sunan jinyar karen, ka riƙa zuba abin da da za ka ba kamfani duk wata. Rauninsa a bayyane yake: idan babban ciwo ya zo a wata na uku, asusun bai tara komai ba. Amma babu lokacin jira, babu wanda zai ce maka karen gadi ne ko tsohon ciwo ne. Wasu suna haɗa biyun, inshorar haɗari mai sauƙin kuɗi da asusu don cututtuka.

Sannan ka rage haɗarin tun daga tushe. Kafin ka sayi kwikwiyo ka ga uwar da uban suna tafiya da idonka. Ka ba shi abincin da aka yi don 'ya'yan manyan karnuka, kada ka ɗura masa ƙarin sinadarin ƙashi ba da shawarar likita ba, kada ka bari ya yi ƙiba. Raba masa abinci sau biyu ko uku a rana maimakon tuli ɗaya, kuma kada ya yi guje-guje da ya gama ci. Akwai tiyatar rigakafi da ake ɗinke tumbi a jikin bangon ciki don kada ya juya, ka tambayi likitanka ko ta dace da naka.

Idan kuwa ka samu takardar da ta yi maka, duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi na NAICOM kafin ka tura ko sisi, ka biya a asusun kamfanin ba na ejan ba, ka karɓi cikakkiyar takardar sharuɗɗa ba 'yar tallar WhatsApp ba. Idan daga baya aka hana ka diyya ba bisa ƙa'ida ba, hukumar tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma takardar da rasitai da katin rigakafi su za a fara tambayar ka.