Kafin ka mayar da littafin wani fim

Saurayi ya sayi littafin soyayya a babbar kasuwar Maraɗi, labarin ya shiga ransa, ya tara abokai da kyamara zai yi fim. Ka tambaye shi ko ya nemi izini, ya ce ai da kuɗinsa ya saya. Takarda ya saya. Labarin yana nan hannun mai shi.

A Nijar, doka mai lamba 2010-95 ta ranar 23 ga Disamba 2010 ce ke kare haƙƙin mawallafa, hukumar haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, da ke Yamai kuma ke kula da shi. Haƙƙin yana tabbata tun ranar da aka ƙirƙiri aikin, ba sai an yi rajista ba, kuma yana komawa ga magada na aƙalla shekara 50 bayan rasuwar mai shi. Ko a Kano marubucin yake, iyaka ba ta raba shi da haƙƙinsa, domin Nijar da Najeriya duk suna cikin yarjejeniyar Berne, wadda ke kare haƙƙin mawallafa tsakanin ƙasashe.

Abin da ya fi damuna shi ne "na yarda" ta fatar baki. Muna jin nauyin cewa ɗan'uwa ya sa hannu, sai fim ya kawo kuɗi zumunci ya lalace. Doka takarda take so. A rubuta abin da aka sallama: fim ɗaya ne ko mai dogon zango? Talabijin kawai, ko har da YouTube? Shekara nawa, a waɗanne ƙasashe? Biya sau ɗaya ne ko kaso daga ciniki? Duk abin da ba a ambata ba yana nan hannun marubuci. In jari bai haɗu ba tukuna, ana iya ba da kafin alƙalami a riƙe maka labarin zuwa wani wa'adi, shi ma a rubuce.

Waƙa kuwa izini biyu gare ta: na wanda ya tsara ta, da na waɗanda suka rera suka naɗa. Ko minti ɗaya za ka sa, nemi duka biyun. Kiɗan gargajiya ma dokar ta ambace shi, don haka a tuntuɓi BNDA kafin a sa shi a fim na sayarwa.

Akwai abin da kuɗi ba ya saye: sunan marubuci dole ya fito a fim, kuma yana da ikon ƙin a murɗe labarinsa ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci.