Waiwaye: Dukiyar Aure da Hotunan Matan Fulorens

Muhawarar da ake yi a gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka kan yadda ya kamata a gabatar da hotunan matan Italiya na zamanin Renesans ta daɗe da somawa. Tun a 1977 masaniyar tarihi Joan Kelly ta tambaya ko mata ma sun ci moriyar wannan zamani na farfaɗowar ilimi da fasaha, sannan a 1988 Patricia Simons ta ja hankali kan yadda masu zane a birnin Fulorens na Italiya suke zana mace ta gefe guda, idonta na duban wani wuri, domin a kalle ta ba tare da ita ta kalli kowa ba. A wancan zamani na Renesans, daga baya mai zane Leonardo da Vinci ya juyo da fuskar Ginevra de' Benci, ya kuma juyo da ta Lisa Gherardini, matar wani ɗan kasuwar siliki, wadda duniya ta sani da Mona Lisa.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne kuɗi. A Fulorens ta ƙarni na 15 iyayen amarya ne suke bai wa ango dukiya, akasin sadakin da muka sani, kuma abin ya fi kusa da gara, sai dai tsabar kuɗi ce mai yawa da take hauhawa shekara bayan shekara. Nauyin ya kai ga a 1425 aka buɗe asusun da ake kira Monte delle doti, inda uba zai ajiye kuɗi tun 'yarsa tana ƙarama, su yi shekara bakwai da rabi ko goma sha biyar suna haihuwa, kuma ba a biyan ango sai an tabbatar an tare. Ƙidayar haraji ta 1427 ta nuna 'yan mata na aure suna da kimanin shekara 18, maza kuwa sai sun kusa 30.

Shi kuma ango yakan mayar da martani da tufafi da lu'ulu'u, wani abu mai kama da lefe, amma da bambanci guda mai girma: kayan nasa ne, yana iya kwance su ya sayar bayan biki. A wasiƙar da Alessandra Strozzi ta rubuta wa ɗanta a 1447 game da auren 'yarta Caterina da Marco Parenti, ta ambaci fulorin (kuɗin zinare na Fulorens) 1,000 na dukiyar aure, ta kuma yi alfaharin cewa idan amarya ta fita, abin da ke jikinta zai haura fulorin 400.

Wannan ne mai zane yake ɗauka. Dubi hoton Giovanna degli Albizzi da Ghirlandaio ya yi, wanda yake Madrid a yau. An ɗaura mata aure da Lorenzo Tornabuoni a 1486, ta rasu da juna biyu a 1488, kuma a kafaɗar rigarta an saƙa harafin L na sunan mijinta tare da tambarin gidansu. A bayanta ga littafin addu'a da tsakiyar murjani, ga rubutun Latin mai yabon ɗabi'arta. A ganina, wanda ya tsaya kan kyawun fuskar ya bar lissafin fulorin da ke kan rigar, rabin hoton kawai ya gani, domin gidaje biyu ne suka zuba dukiya a jikin yarinyar da ba ta cika shekara 20 ba.