Sinadarin Kurkumin da Cututtukan Jini na Gado

Kurkumin shi ne sinadarin da ke ba kurkur, wato gangamau, launinsa na ruwan ɗorawa. Tsiron ɗan dangin citta ne, asalinsa kudancin Asiya, kuma Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma shi. A Maradi ana samun garinsa wajen masu kayan yaji, amma kurkumin ɗin da ke cikin garin kaɗan ne, galibi bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ba. Masu bincike sun gwada ko zai amfani masu cututtukan jini na gado, musamman talasimiya.

Tarihi

Masana biyu, Vogel da Pelletier, su ne suka fara ware sinadarin daga saiwar tsiron a wajajen 1815, sai a 1910 aka gano tsarin ginuwarsa. Cutar talasimiya kuwa, wadda ciwon ƙarancin jini ce da ake gada daga iyaye, likitan yara Thomas Cooley ne ya bayyana ta a birnin Detroit na Amurka a 1925, bayan ya ga yara masu matsanancin ƙarancin jini da kumburin saifa. An fi samun ta a ƙasashen bakin Bahar Rum, Gabas ta Tsakiya da kudu maso gabashin Asiya.

Yadda ɓarnar take faruwa

Mai talasimiya jikinsa ba ya haɗa hemoglobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, yadda ya kamata, saboda haka jajayen ƙwayoyin jininsa suna mutuwa da wuri, kuma mai tsananin ciwon sai an riƙa ƙara masa jini duk bayan ƴan makonni. Kowace ledar jini tana ɗauke da ƙarfe kimanin miligiram 200, alhali jikin ɗan Adam ba shi da hanyar fitar da rarar ƙarfe. Sai ya taru a hanta da zuciya, yana haifar da wasu sinadarai masu oksijin da ke cin bangon ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin kwano. A ɗakin gwaji an ga kurkumin yana kama ƙarfe, yana kuma rage kaifin waɗannan sinadarai, shi ya sa masu bincike suka waiwaye shi.

Gwaji a kan marasa lafiya

Wani bincike na Jami'ar Mahidol ta Tailan da aka wallafa a 2010 ya ba masu talasimiya 21 kurkumin miligiram 500 kullum har wata 12. Alamomin ɓarnar sun ragu a jininsu, amma suka koma yadda suke bayan an daina ba su. An yi wasu gajerun gwaje-gwaje a Iran masu sakamako makamancin haka. Duk ƙanana ne, kuma babu wanda ya nuna kurkumin zai maye gurbin ƙarin jini ko magungunan fitar da ƙarfe irin su deferoxamine da deferasirox. Ga kuma matsalar cewa hanji ba ya tsotse shi sosai.

Sikila

A ƙasar Hausa sikila ce ta fi addabar iyalai. Ita ma akwai irin wannan ɓarna a cikinta, sai dai hujjar amfanin kurkumin ga masu ita ba ta kai ko ta talasimiya ba.

Hattara

Kurkur na cikin abinci ba abin tsoro ba ne. Ƙwayoyin maganin kurkumin masu ƙarfi ne aka samu rahoton sun raunata hantar wasu, musamman waɗanda aka haɗa da sinadarin masoro. Tun da hantar mai yawan karɓar jini ta riga ta wahala, bai dace a ba yaro su ba sai da sanin likitansa.